Majanyina a Cikin Akwatin Madubi

Tun kafin a taɓa mini komai, tun ban san akwai wani abu wai shi akwatin madubi a duniya ba, da tsoro nake kwana, da shi nake tashi. Tsoron yaron nan ne. Ɗan mitsitsi aka haife shi, kukansa sai ka kasa kunne kafin ka ji. Maɗigarsa tana bugawa ina kallo, in ta ɗan lotsa sai in kasa kawar da idona. In ya daɗe yana barci, sai in ƙirƙiri neman allura kusa da shimfiɗarsa, don dai in ji ko yana numfashi.

Dole in ƙirƙiri dalili, domin ɗan fari ne. Kun san yadda abin yake. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cewa nata ne. In ya faɗi, kau da kai za ta yi wata ta ɗauka. In an tambaye ta lafiyarsa, sai ta yi kamar da bango ake magana. A gidan mijina a Dakoro an riƙe wannan kunya da ƙarfi, har ya fi gidanmu. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ita ce bakin yaron. Ita za ta ce yana jin yunwa, ita za ta ce jikinsa da zafi. In ba ta faɗa ba, to ba a faɗa ba ke nan, ko da ni ina gani.

Abu ɗaya aka bar mini, shi ne goyo. Ba wanda zai ce mace ta yi rashin kunya don ta goya ɗa ta tafi rijiya. Da na gama wankan jego a gidanmu a Rumbu za a maido ni ɗakina, uwata ta buɗe tukunyar da take ajiyar tufafi ta ciro majanyi. Tsohon abu ne, saƙar hannu, baƙi da fari, baƙin ya koɗe ya koma shuɗi. An bi bakinsa da jar fata, aikin matan arewa, domin kakannin uwata daga bakin hamada suka gangaro kafin su koyi noma. A gefe ɗaya akwai 'yan tuntaye na fata a jere, duk macen da ta yaye ɗa da ransa a cikinsa ta ɗinka nata. Da shi aka goya uwata, da shi aka goya ni da ƙannena. Yana warin hayaƙi da man shanu da fitsarin yara, warin da ko an wanke ba ya fita duka. Uwata ba ta ce mini magani ne ba. Cewa ta yi kawai, “Ki ɗaure da kyau.”

Na kuwa ɗaure. In na ja bakin majanyin nan na ƙulle a ƙirjina, na ji ɗumin cikin yaron a bayana, shi ne kaɗai lokacin da hankalina yake kwanciya. Abin da bakina bai isa ya faɗa ba, da wannan ƙulli nake faɗa masa.

Barikin Dakoro sabo ne a lokacin. Mijina yana cikin waɗanda aka sa ɗaukar ƙasa da itace don ginin biro, wato ofishin kumandan, kuma tun daga nan in ya hango jar hular gardi, dogarin kumandan, sai muryarsa ta sauya. A shekarar da nake goyon, bayan an gama girbi, kumandan ya yi baƙo, wani Nasara dogo mai jan wuya da yake bin kasuwa yana tara kayan mutanen dā. Ludayi, tandu, tsohon sirdin raƙumi, ƙwaryar da aka yi wa zane. Mata suna dariya, wai ga wanda ya bar ƙasarsu ya zo tsintar abin da muka gaji da shi. Ni ma na yi dariyar.

Ran kasuwa na kai kuka da daddawa, ina durƙushe ina awo, sai na ji mutane sun yi shiru a bayana. Na waiga. Nasaran ne tsaye, ya sunkuyo, ba yaron yake kallo ba, majanyin yake kallo. Ya zagaya ni ta dama, ya zagaya ta hagu, kamar mai tayin saniya. Ya sa yatsa ya ɗaga tuntu ɗaya. Yaron ya motsa. Na kwashe kayana ban ko gama awon ba na nufi gida.

Washegari da hantsi suka zo, Nasaran da tafinta da gardi ɗaya ɗauke da kujera. Tafintan nan mutumin kudu ne, daga kwarin Maraɗi, ya yi lakwal, makarantar Nasara, yana sa wando irin nasu, ana kiransa Mushe, wato yallaɓai da harshensu. Amma Bahaushe ne, uwa ta haife shi, kuma na ji an ce shi ma ɗan fari ne. Wannan nake so ku riƙe.

Aka kira ni zaure. Na fito da goyona, na durƙusa a bakin ƙofa, na ja mayafi. Mijina yana zaune a ƙasa, Inna tana gefe, maƙwabta sun cika ƙofar gida, har da ƙannen mijina da abokan wasansa. Tafinta ya ce baƙon kumandan ya ga majanyi ya yaba. Gomna zai zo rangadi, ana so a nuna masa aikin hannun mutanen ƙasa. Aro ne, in an gama za a maido.

Mijina ya ce, “To, Mushe. To.”

Nasaran ya ɗaga hannu ya yi magana mai ɗan tsawo, yana nuna ni. Tafinta ya juyo ya ce, “Ke yarinya, ya ce a tambaye ki. Wai ɗanki yana bukatar abin nan? In yana bukata, ki faɗa.”

Ɗanki. A gaban Inna, a gaban mijina, a gaban ƙannensa. Na ji wani ya tuntsire da dariya a waje. Na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirjina, daidai kan ƙullin. Jira nake Inna ta yi magana, domin aikinta ne. Ita ya kamata ta ce jikana ƙarami ne, ba a kwance masa majanyi sai ya yi ƙwari. Kalma kaɗan, an wuce wurin.

Inna ta gyara zama ta ce, “Mushe, mi kake tambayarta? Wagga ina ta ga ɗa? Ai ɗauko mata shi munka yi haya, ta riƙa yi muna goyo.”

Zauren ya ɗauki dariya. Irin wasan da ake yi wa mai ɗan fari ne, kullum ana yi, ba laifi ba ne a wani wuri. Amma idon Inna ba a kaina yake ba, yana kan abin da gardi ya ajiye a gefen kujera, curin sukari guda a cikin shuɗiyar takarda da wani yadi mai furanni.

Nasaran bai yi dariya ba, bai san abin da ake wa dariya ba. Ya sake tambaya. Tafinta ya sake cewa, “Ke ake jira. Ɗanki yana so ko ba ya so?” Yana faɗa yana murmushi, yana kallon maza. Ya san ba zan amsa ba. Ya san ko wuƙa aka sa mini a wuya a wannan zaure ba zan ce ɗana ba. Da ya so, da ya ce wa Nasaran a ƙasar nan ba a yi wa mace wannan tambaya, a kai ta bayan darni wata tsohuwa ta tambaye ta. Bai so ba. Ya juya ya yi masa magana da harshensu. Ban san abin da ya faɗa ba, amma gajere ne, ya haɗa da ɗaga kafaɗa, kuma da ya gama Nasaran ya yi murmushi ya ce wani abu mai kama da godiya.

Inna ce ta taso ta zare yaron daga bayana. Ita ta kwance ƙullin da hannunta. Majanyin da ɗuminsa aka miƙa wa gardi, gardi ya riƙe shi da yatsu biyu nesa da rigarsa.

“Ga kado, kyautarku ke nan,” in ji tafinta, ya tura sukarin da ƙafa. “Yadin kuma sabo ne, ya fi wancan tsumman.”

Yadin nan santsi gare shi. In na ɗaure, kafin in kai rijiya ya sassauta, yaron ya zame zuwa ƙuguna, sai in tsaya in yi tsalle in gyara. Ba ya shan gumi, ba ya riƙe ɗumi. Da sanyin safiya sai in ji bayan yaron kamar randa. Kullum Inna tana fasa sukarin da bakin wuƙa tana jefawa a kunu, tana cewa, “Amarya, zo ki ɗanɗana arzikin goyonki.” Ban taɓa sa shi a bakina ba. Na ce haƙori ke damuna. Mijina kuwa da na yi masa magana a ɗaki, cewa ya yi, “Kina so a ɗaure ni a kan majanyi? An ce aro ne. Ki yi haƙuri.” Haƙuri a bakinsa ba ya ƙarewa, kamar yashi.

Gomna ya zo ya tafi. Bayan tafiyarsa aka yi shela cewa duk mai so ya je ya ga kayan, a wani ɗaki kusa da biro. Na bi matan unguwarmu, zuciyata tana cewa yau zan karɓo abina.

An jera kaya a jikin bango da kan tebur. Wata maƙwabciyarmu ta nuna wani ludayi ta ce, “La ila, wanga ai irin wanda na ba awaki suna wasa da shi ne!” Wata ta ce, “Ki je ki ɗauko sauran, ƙila a yi miki sarauta.” Gardi yana ta “Kai! Kada a taɓa!” Ni ba na jin su. A tsakiyar ɗakin akwai wani akwati mai ƙafafu huɗu, tsayinsa ya kai cibiyata, an rufa masa baƙin bargo. Da mutane suka taru, gardi ya yaye bargon.

Majanyina ne a ciki. An shimfiɗe shi a kan baƙin ƙyalle, an miƙar da shi sambal, an kafe gefensa da 'yan ƙananan allurai kamar fatar da ake shanya. Tuntayen an taje su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kwanta a layi. An wanke shi. Ban san da me suka wanke ba, amma wurin da kan yara ya goge ya yi duhu, a tsakiya, yanzu ya yi fari fat. A kusurwa huɗu an ajiye wasu farare ƙwayoyi kamar ƙwan kurciya. Ban taɓa ganin majanyin nan a miƙe ba. Kullum a lanƙwashe yake da siffar yaro.

Na miƙa hannu in ɗauka. Yatsuna suka daki wani abu, ƙwas, har farcena ya karye. Ba komai a wurin, amma akwai abu. Madubi ne, irin wanda ba shi da baya, kamar an narkar da kwalba an shimfiɗa. Na san kwalba, na san madubin duba fuska, amma ban taɓa ganin an yi murfi da abin da ido ke wucewa hannu ba ya wucewa ba. Mata suka yi ta dariya. Gardi ya daka mini tsawa, ya ciro ƙyalle daga aljihu ya goge wurin da yatsuna suka taɓa. Ya hura masa iska ya sake gogewa.

Na duba akwatin da kyau, tunda kallo aka ce. Inda madubin ya haɗu da katako an bi shi da wani danƙo an toshe, ko tururuwa ba za ta shiga ba. Kowace ƙafa tana tsaye a cikin gwangwani mai kananzir. Akwai ɗan kwaɗo a gefe. Ta jikin katakon wani wari yana fitowa mai hawa kai, ba warin gidanmu ba.

Tafinta ya zo yana yi wa mutane bayani, hannu a baya. Gwangwanayen don gara ne. Ƙwayoyin don asu ne da sauran ƙwari. Bargon don rana, wai haske yana cin launi. Danƙon don ƙura da raɓa.

Na ce, “Mushe, madubin fa?”

Ya ce, “Don hannu.”

“Hannun wa?”

“Hannun kowa.”

“Har nawa?”

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Naki ma ya fi. Ai ku kuka tsufar da shi. Nan ciki zai shekara ɗari bai canza ba. A wurinku da ya ƙare a fitsari.”

Na ce, “Na uwata ne. An ce aro. Yaushe za a maido?”

“In an gama.”

“Gama mi?”

“Gama kallo,” ya ce, ya wuce wurin sirdi.

Na tsaya a wurin da yaron a bayana, yadin yana zamewa. An tsare majanyi daga gara, daga asu, daga rana, daga raɓa. An yi masa ɗaki, an yi masa bargo, an sa masa mai gadi da bulala. Wanda aka saƙa shi dominsa yana waje, kansa a rana. Na tsani madubin nan tun daga ranar, tsana irin wadda ake yi wa mutum. Da bango ne da na haƙura, in ce ba na gani. Shi kuwa nuna maka yake yi, ya ce ga shi, ya hana ka.

Na koma sau da yawa. In na je kasuwa sai in ratse ta bayan biro in leƙa ta taga. Yawanci bargon ne kawai nake gani.

Da bazara ta kama, baƙon dauro ya shigo gari. Ya fara daga unguwar mahauta, ya bi gida gida. Ni na riga kowa ganin idon yaron ya yi ja, na riga kowa jin zafin jikinsa a bayana, amma sai da Inna ta ga dama ta ce, “Yaron ga kamar ba shi da lafiya.” Aka sa shi a ɗaki aka rufe ƙofa, aka jiƙa abin da ake jiƙawa. Ƙurajen suka fito suka rufe shi har cikin baki. Ya daina kama nono. Idanunsa suka manne da kwantsa, in na goge sai su sake mannewa. Kukan nan nasa da dama ba shi da ƙarfi ya koma kamar shaƙuwa.

Ban ce majanyi magani ne ba, har yanzu ban ce ba. Amma ƙannena biyu sun yi wannan ciwo a cikinsa ina kallo, uwata tana yawo da su a tsakar ɗaki, sun tashi. Abin da na sani ke nan, kuma ba ni da wani abu.

Da safe na ɗauke shi na goya da yadin. Inna ta tare ƙofa ta ce, “Ina za ki da shi? Ba a hitar da mai baƙon dauro iska.” Na raɓa ta gefenta na wuce. Ban taɓa yi mata haka ba. Ta biyo ni tana kira, mijina ya biyo ta, kafin in kai bariki mutane sun yi jerin gwano a bayana.

Nasaran yana ɗakin kayan shi da tafinta, suna naɗe kaya a cikin ciyawa suna sawa a manyan akwatuna. A nan na gane tafiya za a yi da su. Gardi ya sa sanda ya tare ni. Na ɗaga murya, ni da ko a tsakar gida ba a jin muryata.

Na ce, “Mushe, ka gaya masa ɗana ba shi da lafiya. Ɗana ne, na fari, ni na haife shi. Ka tambaye ni ran nan ban amsa ba, to ga amsa. Yana bukata. A buɗe a ba ni.”

Na ji Inna a bayana ta ce, “Innalillahi. Ta faɗa.” Wata mata ta ce, “Yau mun ga marar kunya.” Ban waiga ba.

Tafinta ya ce, “Ashe kina da baki.”

Na ce, “Ina da shi. Kai ma uwarka tana da shi, ta rufe ne don kai. Faɗa masa.”

Fuskarsa ta sauya. Ya faɗa masa, wannan karon da tsawo. Nasaran ya matso, ya ɗaga gefen mayafin da na rufa wa yaron, ya gani, ya ja da baya da sauri. Ya yi magana yana nuna hanyar ɗakin lokotoro, likitan bariki.

Tafinta ya ce, “Ya ce ki kai shi wurin lokotoro yanzu, zai aika a duba shi. Tsumma ba ya warkar da ciwo.”

“Zan kai shi. A ba ni majanyin in kai shi a ciki.”

“An toshe akwatin. In aka buɗe, iska ta shiga, aikin ya ɓaci.”

“To a buɗe in goya shi yini ɗaya, in maido. Na rantse zan maido.”

Suka yi magana. Nasaran yana girgiza kai, ba da faɗa ba, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Wannan lallashin ya fi mini zagi ciwo.

“Ya ce ciwon zai shiga saƙar, sai an sake wankewa, kuma ba za ta jure wani wankin ba. Ya ce irinsa ya yi wuya yanzu. Ya ce wata rana jikokinki za su gode da aka adana.”

Jikoki. Ɗan da zai haifo su yana bayana yana shaƙuwa.

Na sunkuya ta ƙarƙashin sandar gardi. Kafin ya juyo na kai ga akwatin, na fizge bargon, na kwance yaron na kwantar da shi a kan madubin, daidai saman majanyin. Tsakanin bayansa da saƙar bai fi kaurin yatsa ba. Sanyin madubin ya taɓa jikinsa, ya yi ajiyar zuciya, ya yi shiru. Na ɗora hannuwana biyu na danna da dukan ƙarfina. So nake ya fashe. Ban yi tunanin zai yanke mu ba, sai daga baya. Bai fashe ba, bai ko yi ƙara ba.

Nasaran ya yi ihu. Ba sunan Allah ya kira ba, ba yaron ya nufa ba, gefen akwatin ya riƙe da hannu biyu kada ya faɗi. Gardi ya finciko ni ta baya, mijina ya ɗauke yaron yana ta cewa, “A yi haƙuri, Mushe, a yi haƙuri, ba ta cikin hankalinta.” Ina cikin hankalina. Ana jana zuwa ƙofa ina kallo, tafinta da kansa ya kawo ruwa da sabulu. Inda yaron ya kwanta ya bar shaida, gumi da ruwan ƙuraje, siffar ɗan bayansa. Shafa biyu aka yi, madubin ya koma kamar ba a taɓa haihuwar kowa ba.

Na kai shi wurin lokotoro. Ya ɗiga masa wani abu a ido, ya ba ni wani ruwa. Ba zan ce bai yi ƙoƙari ba.

Ran da kamyo, babbar motar kaya, ya zo kwasar kayan, ina zaune a ƙofar ɗakin lokotoro da yaron a cinyata, ana hango bariki daga nan. Maza shida suka ɗauko akwatin, suna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai. An naɗe shi da barguna, an cusa auduga a kusurwoyi, an shimfiɗa masa katifar ciyawa a cikin motar, an ɗaure da igiya ta ko'ina don kada ya ji girgizar hanya. Nasaran ya hau baya ya zauna kusa da shi, ya ɗora hannu a kai. Ban taɓa ganin an ɗauki wani mai rai da irin wannan tausayi a Dakoro ba. Motar ta bi hanyar kudu. An ce babban birni za a kai su, akwai gidan da ake ajiye irin waɗannan kaya mutane suna shiga kallo.

Yaron ya tashi. Ya daɗe kafin ya tashi, kuma idonsa na hagu bai dawo ba, ya yi fari. Yanzu yana gudu, yana kora awaki, in zai dube ka sai ya karkata kai. Ko da majanyin idon zai tafi? Wataƙila. Masu ilimi sun ce haka ne. Amma ba a bar ni na gani da kaina ba, kuma wannan ba zan yafe ba. Ban yafe wa tafinta ba, da ya san shiruna ya sayar da shi. Ban yafe wa Inna ba, muna gaisawa, ina yi mata tuwo, shi ke nan. Nasaran ma ban yafe masa ba, duk da ya tambaya, domin da ya ji amsar bai fasa ba.

A gari har yau in na wuce rijiya akwai masu cewa ga wadda ta yi shelar ɗan fari a bariki. Uwata da labarin ya kai mata Rumbu ba ta yi mini faɗan kunyar ba. Cewa kawai ta yi, “Ƙanwarki fa, in ta haihu da mi za ta goya?” Tafintan an ɗauke shi zuwa wani gari. Kumandan ma an sauya. Na je biro na tambayi sabon tafinta, ya ce shi bai san zancen ba.

Karatuna kaɗan ne, da ƙyar na haɗa wannan, kuma ba don a ji tausayina na rubuta ba. Ina da ciki, haihuwar za ta zo wajen farkon damina. Ni ban taɓa wuce Maraɗi ba, ban san hanyar babban birni ba, kuma ba wanda zai bar ni in je. Ku da kuke zuwa, in kun shiga gidan da ake ajiye kayan dā a bayan madubi, ku nemi wanda yake riƙe da mabuɗi. Ku gaya masa majanyin Dakoro aro ne, mai shi tana nema, kuma wannan karon ta faɗa da bakinta. Akwatin da madubin su riƙe abinsu. Majanyin kawai za a ba direban kowace mota mai zuwa nan, in ya iso kasuwa ya tambayi uwar yaro mai ido ɗaya, kowa zai nuna masa gidan. Don Allah a yi kafin ruwa ya sauka.